Mai Gugar Yadin Bagade

Ni ce mai goge yadin bagade a cocin ƙauyenmu,
shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa ganinsa a yamutse ba.
Ni ce kuma wadda in gari ya waye a tsibirin Usedom
kan jingine keke a jikin shinge,
ta gangara tsakanin tuddan rairayi,
ta tuɓe rigar sanyi, ta tuɓe ta ciki,
ta ninke su yadda take ninke na bagade,
ta danne da takalmi kar iska ta kwashe,
ta shiga teku yadda uwarta ta haife ta.

Irmgard, wadda muke benci ɗaya ran Lahadi,
ta ce, "Waltraud, taura biyu ba ta taunuwa.
Hannun da ke wanke ƙoƙon Jibi
shi zai ɓalle maɓalli a bainar jama'a?"
Ban tanka ba. Maganar ta kwana da ni,
ta tashi da ni, ta bi ni har murhu.

Na san da ganyen ɓaure.
Na san Ubangiji da kansa ya suturta iyayenmu na fari.
Na san 'ya'yan Nuhu biyu da baya suka tako
don su lulluɓe tsohonsu.
Rufa wa wanda aka tona wa asiri jinƙai ne, ban musa ba.
Amma ni wa ya tuɓe ni?

A'a, an taɓa.
A asibitin Greifswald, ƙarƙashin farar fitila,
na farka babu nonon hagu,
sai ɗinki kamar bakin buhu.
Shekara biyu ina wanka a duhu,
na rataya wa madubi tawul.
Eckhard, mijina, ya roƙa ya gaji,
har aka kai shi makwancinsa bai ga tabon ba.
Da Allah ma haka na yi: in ya kira, sai in shige bayan riga,
ina addu'a da maɓalli har maƙogwaro.

Ranar da na fara zuwa gaɓar nan, gwiwata rawa take.
Ga Detlef, tsohon direban jirgin ƙasa, da tumbinsa kamar randa,
ga wata da jijiyoyi shuɗɗa a ƙwauri,
ga malamin jami'a da mai sharar titi,
ka rasa wane ne wane.
Ba wanda ya dubi ƙirjina.
Detlef ya ce, "Digiri goma sha huɗu yau, a yi a hankali,"
ya koma kan jaridarsa.

Sanyin ruwan nan yana ƙwace dogon zance.
Addu'ar da na hardace tun ina 'yar shekara shida
ba ta kai ƙugu take daskarewa.
Kalma biyu ke saura: Ga ni.

Fasto Sönke, yaro ne, ya zo shan kofi,
kunnuwansa ja wur, idonsa cikin kofin.
Ya ce bai da ayar da zai hana ni,
bai kuma da wadda zai sa ni,
in dai kula kar in zame wa wani sanadin tuntuɓe.
Shi ya sa nake zuwa ƙarfe shida,
bayan allon da ke gargaɗin masu wucewa.

Ran Lahadi ina ɗaure maɓalli har wuya, da son raina.
Irmgard takan ɗan muskuta,
amma littafin waƙa ɗaya muke riƙewa har yau,
ita gefe, ni gefe.
Nakan ɗaga kai ga wanda ke bisa gicciye,
wanda sojoji suka yi wa tufafinsa caca.
Ɗan ƙyallen nan da masassaƙi ya ɗaura masa,
don idonmu ne, ina ji.
Tabon haƙarƙarinsa dai a buɗe yake.

Rairayi na cikin takalmina.
Ina jin sa idan na durƙusa.